Ɗan Fari a Bayan Labulen Likita

Shekarun baya kaɗan, ina aji biyu a jami'a, na yi wata rashin lafiya da ta kusa raba ni da karatu. Na daɗe ina son ba ku labarin, sai in fara rubutawa in goge. Abin ya wuce, yanzu lafiyata lau, alhamdu lillahi. Abin da ya dawo mani da shi, makon jiya na je asibiti karɓar magani, na tarar da benci cike da samari da 'yammata, kowa ya sunkuyar da kai yana latsa waya don kada a haɗa ido da shi. Na san wannan zaman, na yi shi.

Bari in fara gaya muku irin mutumin da nake. Tun ina yaro ba ni da magana. A unguwarmu ta Gobarau in ana nemana ba a zuwa filin ƙwallo, ɗaki ake leƙawa. Littattafaina su ne abokan hirata. Kowanne sai na naɗe bangonsa da takardar tsohuwar kalanda, in rubuta masa lamba a gefe, in jera shi a inda ya dace. In aboki ya ce in ara masa ɗaya, sai in ce ya zo ya karanta a gabana. Ba a daɗe ba aka daina tambayata.

Baffana, ƙanen mahaifina, shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Yana da shagon kayan gyaran babur a Ƙofar Guga, kuma Allah ya yi shi mai surutu da son jama'a. Farfesa yake ce mani, ba don yabo ba. Shiruna ya daɗe yana ci masa rai.

"Farfesa, mutum ba ya cin takarda hwa," in ji shi. "Ran da za ka nemi aure, littafi za ka tura shi yi maka magana?"

Sai mahaifiyata, wadda muke ce wa Inna. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" nake, ko "yaron nan". Ƙannena za su zauna kusa da ita ana hira ana dariya, da na shigo sai ta tuna akwai aiki a madafi. In tana da magana da ni, iska take gaya wa. Za ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Akwai tuwo a rufe, in akwai mai ci." Ko ta ce, "Ana ta tari a gidan nan, ga citta can bisa taga." Ni ma sai in dubi randa in ce, "An gode." Abin bai taɓa yi mani ciwo ba, a cikinsa na tashi. Sai dai na girma da tunanin cewa Inna ba ta kallona. Na ɗauka wanda ba ya kiran sunanka ba ya lura da kai.

Ciwon da nauyi ya fara. Sai in farka da safe in ji tashi daga katifa kamar a ce in ɗauki buhun gero in hau soro da shi. In buɗe littafi in yi ta maimaita layi ɗaya har azahar, babu abin da ya shiga. Wanka ya zama aiki, gaisuwa ta zama aiki. Jarrabawar wannan zangon ta zo ta wuce ina kwance. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce taifot ce, aka yi gwaje-gwaje ba a ga komai ba. Daga baya wani likita a wani ƙaramin asibiti ya saurare ni ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani. Ya rubuta mani wasu ƙwayoyi. Ban ga laifinsa ba, abin da na kai masa shi ya gani.

Bayan wasu makonni ina shan maganin, na farka wata safiya na ji kamar an buɗe duk tagogin da ke cikin kaina. Komai ya yi haske. Na fita, na gaisa da kowa tun daga ƙofar gidanmu har Ƙofar Guga, har da mutanen da na shekara ina wucewa ina sunne kai. Na shiga shagon Baffa na sauke kayan duka na sake jera su. Na riƙa zolayar 'yan acaɓa suna ramawa ana shewa. A walimar auren wani maƙwabcinmu aka ce ko akwai mai ɗan jawabi, na miƙe. Ni da ko "amin" ba na ɗaga murya in faɗa. Na yi ta zuba har shinkafa ta huce, sai da wani dattijo ya zo ya karɓe lasifikar daga hannuna da dabara. A wannan hutun na ƙudura zan rubuta tarihin ƙofofin Katsina duka, in buɗe makarantar yamma, in kuma koyi Faransanci. Duk a lokaci guda, kuma ban ga wahalar ko ɗaya ba.

Sannan na rabar da littattafaina. Na ce ilimin ya riga ya shiga kaina, takarda nauyi ce kawai. Na aro baro na loda su, na bi unguwa gida gida ina miƙawa. Mai shayin bakin layinmu na ba shi littafin ilimin taurari, na ce ya karanta, ranar Juma'a za mu tattauna. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce Allah ya saka, ya ɗora butar shayi a kai.

Baffa kuwa kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Ya shigo gida yana ɗaga murya.

"Hajiya! Kin ga ɗanki kuwa? Allah ya buɗe bakin Farfesa! Ashe zaki muke kiwo muna ce mashi kyanwa."

Inna tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Ni ban ga kowa ba. Matsa, ka tare mani haske."

Kowa ya ce magani ya karɓe ni. Ni ma haka na ce. Na yarda cewa wannan mai surutun shi ne ni na ainihi, wancan mai shirun ciwo ne da na daɗe da shi ban sani ba.

Sai abin ya sake ni. Na faɗo, kuma faɗuwar ta fi ta farko zurfi, don wannan karon har da kunya. In na tuna jawabin walima sai in ja zane in rufe fuska. In na dubi katakon da littattafaina suke, wayam, sai in juya wa bango baya. Na koma makaranta na kasa ƙarasa zangon. Aka ƙara mani wancan maganin, na sake tashi sama, na sake faɗowa. A ƙarshe shugaban sashenmu ya kira Baffa ya gaya masa gaskiya. Ya ce an ba ni duk hutun da doka ta yarda a ba ɗalibi. In ban zauna jarrabawar zango mai zuwa ba, za a cire sunana. Ni kuwa in ka raba ni da karatu, ban san abin da ya rage ba.

Da haka aka tura mu babban asibiti, sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa. Baffa ya ajiye babur ɗinsa can nesa, wajen masu ciwon ido, don kada wani ya gane shi. Likitan da muka samu dattijo ne mai sanyin murya, furfura ta fara cin gemunsa. Ya saurari labarin kwanciyata har na gama, sannan ya yi mani wata tambaya da ba a taɓa yi mani ba.

"Akwai lokacin da ka ji ƙarfi ya yi maka yawa? Magana ta ƙi tsayawa, barci ya ragu amma ba ka gaji ba?"

Na ce, "A'a, likita. Akwai dai lokacin da na warke."

Ba ƙarya na yi masa ba, iyakar abin da na sani ke nan. Baffa ya karɓe zancen.

"Likita, ni shaida ne. Wancan maganin za ka ninka mashi kawai. Da ka gan shi lokacin, wallahi da ka ba shi 'yarka."

"Yana barci a lokacin?"

"Yo ni ina zan sani? Gidana daban. Na dai san kafin in zo buɗe shago yana bakin ƙofa yana jirana."

Likita ya dube ni. Na ce ina jin ina yi. Gaskiyar magana, kwanakin nan a kaina kamar mafarki suke, na tuna daɗinsu amma ban tuna tsarinsu ba. Ya ajiye biro. Ya ce akwai ciwo biyu da suke kama da juna in mutum yana kwance, amma maganinsu ba ɗaya ba ne, har ma maganin ɗaya yakan iya tunzura ɗayan. Ya ce ba zai rubuta komai ba sai ya ji daga bakin wanda ke kwana gida ɗaya da ni.

"Wa ke dafa maka abinci?"

"Mahaifiyata."

"To a zo mani da ita."

Baffa ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Likita, ɗan fari ne hwa! Matar da ko sunanshi ba ta faɗi, ita za ta zo ta zauna tana ba ka labarinshi? Ko alƙali bai isa ba."

Likita ya yi murmushi. Ya ce, "Ni ma ɗan fari ne, Alhaji. Tawa uwar har ta koma ga Allah 'mutumin asibiti' take ce mani. Ku dai kawo ta."

Baffa ya ce shi ba ruwansa, ba zai je a kore shi da muciya ba, in gaya mata da kaina. Na yini ina shirya maganar kamar mai shirin jarrabawa. Da la'asar na fito na same ta tana tsinke zogale a faranti. Na tsaya kusa da randa, na dubi randar.

"Likita ya ce ba zai ba da magani ba sai ya ga mai dafa abincin gidan nan."

Hannunta bai tsaya ba.

"Ya ce in ba a samu maganin da ya dace ba, makaranta ta tafi ke nan."

Ta karkaɗe farantin, ta ce wa zogalen, "Mai dafa abinci mi ta sani? Ga baffanni can masu baki."

Na koma ɗaki na kwanta. Na cire rai. Na fara tunanin yadda zan ƙare rayuwata ina miƙa wa 'yan acaɓa fulogi a shagon Baffa.

Ranar komawa asibiti, Baffa ya zo da safe ya tarar da ita a zaure, ta sa babban hijabinta na unguwa, takalmi a ƙafa.

"Hajiya, ina zuwa haka?"

"Ƙafata ke ciwo. Na ce bari in bi ku a duba mani."

"Wace ƙafar? Jiya na gan ki kina bin akuya da gudu."

"Kai dai tsayar mana da keke, uban 'yan surutu."

A cikin keke napep ta zauna can gefe tana kallon titi. A asibiti ta nemi benci mafi nisa da nawa. Da aka kira mu muka shiga mu uku, ta zauna a karkace, fuskarta ga bango, tana nazarin wata kalanda kamar za a tambaye ta a kanta. Likita ya gaishe ta gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi ƙafa. Sannan ya matso kusa da ni ya tambaye ni a hankali ko na yarda a yi zancena a gabansu. Na ce na yarda. Ya ce to in hau gadon gwaji in kwanta. Na hau, ya ja labule ya rufe ni.

Labulen kore ne, ya koɗe, akwai 'yar ɓula a gefensa. Ta san ina nan, na san ta sani. Amma ba ta ganina.

Na ji likita ya koma kujerarsa. Ya ce, "Hajiya, ba zancen kowa zan yi maki ba. Zancen kwano zan yi. Akwai kwanon da kike zuba wa wani tuwo a gidanki?"

Ta ce, "Akwai."

"Ya yake dawo maki?"

"Da can a wanke yake dawowa, an kife murfin. Da ciwon kwanciya ya zo, sai ya dawo an ɗan taɓa gefe an bari. Wannan bai ba ni tsoro sosai ba. Mai ciwo ne, kowa ya gani. Amma lokacin da suke cewa an warke, kwanon ko buɗe shi ba a yi. In an buɗe, a tsaye ake ci, ana magana tuwon na zubowa."

"Shimfiɗa fa?"

"Ina shiga shara da safe. Zanen yadda na shimfiɗa shi jiya, haka nake tarar da shi. Na ce ko gyarawa ake yi. Sai na karyi tsinken tsintsiya na ɗora bisa matashi. Tsinken nan ya kwana ya kwana yana nan inda na aje shi."

Ina kwance ina kallon silin. Ban taɓa sanin akwai wani tsinke ba. Ban ma san ita ke shimfiɗa mani zanen ba, na ɗauka ƙannena ne.

Likita bai katse ta ba, sai dai ya ce "to" ko "sai kuma mi". Ta yi zancen takalmin da ya cinye cikin ɗan lokaci saboda yawo. Ta yi zancen muryar da ta dushe kamar ta mai talla amma ba a daina magana ba. Ta ce in an shigo gida ana zagaya tsakar gida ne kamar an ɗaure akuya a turke. A hankali na lura ta bar kwano da takalmi, ta fara cewa "shi".

"Yaron da in kaza ta gitta kusa da takardunshi sai ya yini ranshi a ɓace, shi ne ya loda su a baro yana rabo kamar goron suna. Ran nan na san ba lafiya."

Baffa ya kasa haƙuri. "Haba Hajiya! Ai lokacin ne ya zama mutum. Kowa na son shi, kowa na..."

"Kai ka samu ɗan tsaron shago," in ji ta. Muryarta ba ta tashi ba. "Ni ɗana na rasa."

Na kai shekara ashirin da 'yan kai a duniya, ranar na fara jin wannan kalmar daga bakinta. Na cusa hannun rigata a baki don kada a ji ni.

Ita ce ta ci gaba. Ta ce idon da ta gani a lokacin ba baƙo ba ne a wurinta, ta taɓa zama da shi.

Sai ta ce wa Baffa, "Ka manta shekarar da yayanka ya tashi gina ɗakuna a bayan gida, shi kaɗai, ba dare ba rana? Ginin da har yau bai kai linta ba? Sannan ya shige ɗaki damina guda ko gaisuwa ba ya amsawa?"

Da Baffa ya yi magana, da ƙyar na gane muryarsa. "Mun ce sammu aka yi mashi."

"Ku kuka ce."

Likita ya yi mata godiya, ya ce ta yi masa rabin aikinsa. Ya kuma duba ƙafar, don kada a ce ba a duba ba. Ya ce ta rage bin akuya. Sai da ta fita sannan ya yaye labulen. Bai ce komai game da fuskata ba, ya miƙo mani hankici.

Ba a ranar ya yanke hukunci ba. Ya ƙara yi mani tambayoyi, ya sa aka ɗebi jinina, ya sake ganina. Daga baya ya gaya mani sunan ciwon, baifola. Ya ce lalura ce da ke ɗaga mutum sama fiye da kima, sannan ta sako shi ƙasa fiye da kima, kuma tashin da faɗuwar duk ciwo ɗaya ne. Ya ce takan bi jini a wasu gidajen. Ya janye wancan maganin a hankali, ya ɗora ni a kan wani mai daidaita yanayi, ya kafa mani dokar barci kamar ta makarantar kwana.

Kada in yi muku daɗin baki, ba sauƙi aka samu nan take ba. Sabon maganin ya sa hannuna ya riƙa rawa har rubutuna ya lalace, ni da nake alfahari da shi. Na yi ƙiba, har Baffa ya ce yanzu na fara kama da farfesan gaske. Abin da ya fi wuya shi ne kewar wancan mai surutun. Ba ƙaramin abu ba ne a ce maka kwanakin da ka fi jin daɗi a rayuwarka su ne alamar ciwonka. Amma karatu ya dawo, layi ɗaya, shafi ɗaya. Na zauna jarrabawar. Sakamakon bai kai yadda na saba ba, amma sunana ya tsaya a makaranta.

Wata rana na tambayi likitan ko sabuwar cuta ce ta shigo gari, don duk zuwan da na yi samari da 'yammata nake tararwa. Ya ce yawanci a shekarun ƙuruciya take fara nuna kanta. Ya ce lalle yana ganin matasa yanzu fiye da farkon aikinsa, amma ba zai rantse cewa ciwon ne ya ƙaru ba. Mai yiwuwa mutane ne suka fara zuwa, su kuma likitoci suka fara tambayar kwanakin da majiyyaci yake kira lafiya. Ya ce ba wanda ke zuwa asibiti ranar da yake jin duniya tasa ce, don haka rabin ciwon a gida ake baro shi, sai an samu wanda zai kawo.

Ranar da na gama jarrabawar ƙarshe na dawo gida, na shiga ɗaki na tsaya. Katakon ya cika. Littattafaina ne, da bangonsu na kalanda. An jera su bisa tsawo, lambobin a hargitse, wasu ma kai a ƙasa, don Inna ba ta yi boko ba. Wani yana warin man ƙosai. Na ilimin taurari yana da zoben gindin buta a bayansa. Daga baya wata maƙwabciyarmu ta gaya mani cewa tun makon da na rabar da su Inna ta fara bin sawunsu. A gidan suna, a gidan biki, a wajen gaisuwar rasuwa, sai ta ja matar gida gefe ta ce ko an kawo musu wata takarda mai bangon kalanda. Na mai shayi ta hannun matarsa ya fito. Ta tara su a ƙarƙashin gadonta, bayan tasoshinta na aure, ta jira har mai su ya dawo. Ba duka ta samo ba. Har yau akwai lambobin da babu, kuma ban cike gurbinsu ba.

Ina tsaye na ji muryarta daga tsakar gida. "An cika mani ƙarƙashin gado da tarkace. Na kwashe, kada a sake."

Na fito na dubi randa. Na ce, "An gode."

Na sha tunani a kan wannan al'amari. Da an bi ta bakina da na Baffa, da an ninka mani maganin da ke tunzura ni, kuma da mu biyun mun yi godiya. Ni ciwon ya rufe mani ido, shi kuma ƙauna ce ta sa ya ga abin da ya daɗe yana fatan gani. Wadda ta ga gaskiya ita ce wadda al'ada ta hana ta kallona kai tsaye, sai ta koma tana kallon kwanona da zanena da takalmina. Ba na cewa kunyar ɗan fari abin yabo ce ko abin zargi. Ta kusa hana a ji abin da Inna ta sani, da likitan bai san hanyar zagaya ta ba. Abin da na ɗauka dai shi ne, in ka ga mai shiru ya wayi gari yana zuba ba tsayawa, kafin ka yi masa barka, ka tambayi mutanen gidansu ko yana barci. In kuma kai ne za ka ga likita, ka tafi da wanda ya san safiyarka, ko da ba ya iya faɗin sunanka.

Yanzu ina karatun digiri na biyu. Ina shan maganina, ina komawa asibiti a kan lokaci. Na koma mai shiruna, kuma na daina jin kunyar hakan. Baffa ya bar zancen zaki. In na yi magana ta ɗan yi tsawo a gabansa sai ya ƙura mani ido ya ce, "Farfesa, ka kau yi barci jiya?" Ku ma in kun ga rubutun nan ya yi tsawo kada ku damu, na yi barcina, kuma na daɗe ina gyara shi.

Inna kuwa ba ta sake faɗin waccan kalmar ba, ni ma ban taɓa nuna na ji ba. Har gobe "wancan" nake. Sai dai lokaci lokaci, musamman in jarrabawa ta matso ko ta ji na cika dariya, nakan tarar da ɗan tsinken tsintsiya a kan matashina. Ba na ɗauke shi da hannu. Kwanciya nake yi a kansa. Da safe in neme shi cikin zane, in ajiye shi a bakin ƙofa, inda mai shara za ta gani.